Waƙa Ta Shiga Aji, Goge Yana Bakin Ƙofa

Kiɗa da waƙa a numfashi ɗaya muke faɗinsu, har yaro ya taso yana zaton sunan abu guda ne. Amma tun da boko ya kafu a ƙasar Hausa rabonsu ya sha bamban. Waƙa ta samu shiga. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan Mamman Shata, a 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shatan kansa digirin girmamawa. A Jami'ar Bayero, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara waƙoƙin baka yana mayar da su littattafai, ya kuma miƙa wa ɗalibai wuƙaƙen feɗe su: turke, da tubalan ginin turke, da gindin waƙa, da ɗiyanta, da salo. Yau ɗan Bichi ko ɗan Ɗambatta zai zauna ya rubuta shafi ashirin a kan waƙa ɗaya ta Narambaɗa, ya ci jarrabawa, ya fito malami. Duk mai kishin harshen nan yana da bashin waɗannan mutane a wuyansa.

To amma tambayi ɗalibin nan abin da kotso yake yi a daidai inda 'yan amshi suke karɓa. Zai sunkuyar da kai, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da takarda ta iya ɗauka shi aka ɗora mata. Baƙaƙe sun ɗauki magana, amo kuwa ya tsaya a hannun mai shi, ranar da aka kai shi makwanci a tafi da shi tare.

Mai goge ne wannan rashi ya fi taɓawa. Mawaƙin da ake yi wa rakiya da ganga, ko an cire gangar, baitocinsa suna nan ana karantawa. Shi kuwa gogensa ne bakinsa. Akwai masu gogen da za su raba dare suna kiɗa ba su furta baiti goma ba, jama'a kuma su watse suna cewa yau sun ji magana. In ka ɗauki alƙalami don ka adana abin da irin wannan mutum ya bari, me za ka rubuta?

Ƙasar da ke arewa da birnin Kano, daga Ungoggo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa, Ɗambatta har Kunci, ƙasa ce da ba a barin komai ya tafi a banza. Gida na hangen gida, gona na jingine da gona. Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Zariya sannan a Bayero, ya fara auna gonakin Ungoggo tun shekarun 1960, ya rubuta yadda ake noma fili ɗaya kowace damina babu hutu kuma bai mutu ba. Kowa a nan ya san dalili. Jakuna su kai itace birni su komo da taki, a bar gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gona, a haɗa gero da dawa da wake wuri ɗaya, harawa da kara su koma wa dabbobi, kashin dabbobi ya koma wa ƙasa. Da rani kuma kowane magidanci yana da abin da yake taɓawa, wannan saƙa, wannan jima, wancan ƙira ko fatauci, don gonar da aka raba wa magada sau uku ba ta ciyar da gida ita kaɗai.

Goge ɗan irin wannan ƙasa ne. In ban da 'yan ƙusoshi, babu abin da ake sayowa daga nesa. Duma ya yi yaɗo a kan danga, a bar shi ya ƙosa, a fafe shi, a zaɓi ƙwaryar da bakinta ya daidaita. Fatar guza ake rufe ta da ita. A jiƙa fatar, a ja ta sosai, a kafe ta kewaye, a huda kafa a gefe guda inda sauti zai fita. Sanda ta ratsa cikin ƙwaryar. Tsirkiyar tarin gashin wutsiyar doki ce da aka jera aka ɗaure sama da ƙasa, izgar da ake gogawa da ita ma gashin dokin ne a jikin lanƙwasasshen ƙarfe ko ice. Ɗan icen da ke ɗauke da tsirkiya a kan fata jaki ake ce masa, kuma ya ci sunansa. Sai ƙaro, wanda in ba a shafa ba gashi zai yi ta zamewa a kan gashi babu abin da zai fito. Da damina fata takan saki, sai a kanga ta a wuta ta ɗaure. Kukuma ƙanwarsa ce, ta fi ƙanƙanta, muryarta ta fi kaifi.

Wanda bai taɓa riƙewa ba yakan ɗauka tsirkiya ɗaya sauƙi ce. Babu wata alama a jikin sandar da za ta nuna maka inda murya kaza take. Yatsun hagu ba sa danne tsirkiya har ta taɓa ice, taɓa ta kawai suke yi tana a sarari, kuma 'yar kaucewa kaɗan ta isa ta ɓata komai. Hannun dama yana da nasa aikin: inda za a danna, inda za a sassauta, inda za a katse izga don gaɓa ta fito. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, mai doguwar gaɓa da gajera, kuma gwanin goge duk yana bin su. Shi ya sa zai yi wa mutum kirarinsa ba tare da ya buɗe baki ba, ka ga mutumin ya miƙe daga inda yake zaune, hannu a aljihu.

Na taɓa wuni a zauren wani dattijo mai goge a wani ƙauye na ƙasar Ɗambatta, bayan kaka, amfani ya shiga rumbu, bukukuwa sun fara tashi. Wani yaro yana zaune a gabansa da ƙwarya kife tsakanin ƙafafunsa, yana kaɗa ta da 'yan sanduna. Dattijon bai dube shi ba. In yaron ya yi gaggawa, sai ya ja izga a hankali da gangan, har yaron ya ji kunya ya komo. In ya yi nawa, sai ya buga diddige a ƙasa. Da aka kira la'asar ya jingine gogen a bango ya fita alwala. Yaron ya leƙa ƙofa, ya sa hannu ya ɗauka, ya fitar da wata ƙara marar daɗin ji. Dattijon yana jinsa daga waje, bai ce uffan ba.

Da ya dawo na ce, "Baba, tun yaushe ka fara koya masa?"

Ya ce, "Koya masa me, Malam? Ni ban koya masa komai ba. Yana dai nan."

Wannan "yana dai nan" ita ce manhajar gaba ɗaya. Yaro ya fara da ɗaukar kaya, sai ƙwarya, sai amshi, shekara da shekaru kunnensa yana cika kafin hannunsa ya taɓa izga da izini. Satar taɓawar da yake yi maigida ya san da ita, don ita ma ake jingine goge inda hannu zai kai. Akwai tsari a ciki, akwai matakai, har jarrabawa akwai, wato ranar da maigida zai ce, "Je ka riƙe mini wajen bikin nan kafin in iso." Abin da babu shi ne suna. Almajiri da allonsa karatu yake yi. Ɗan maƙeri da ke zuga koyon sana'a yake yi. Yaron mai goge kuwa, in ka tambayi maƙwabta, bin makaɗa yake yi, kuma daga muryar da aka faɗa maka za ka san ba yabo ba ne.

Mutanenmu sun raba masu sana'a gida biyu, ɗan gado da ɗan haye. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajen 1950, ya rubuta kalmomin da ya ji a can, karda da shigege, maganar dai ɗaya ce. Ɗan gado yana da uzuri. A ciki ya buɗe ido, kuma kyan ɗa ya gaji ubansa, ko limamin unguwa ba ya tsananta masa sosai. Ɗan haye shi ne abin tambaya. Ubansa manomi, kakansa manomi, ga gona ga garma, me ya kai shi bin ƙwarya? A nan ake fara cewa ya shiga duniya. To duk wanda ya tashi yana kiran a koyar da goge a makaranta, ko ya sani ko bai sani ba, cewa yake yi a buɗe ƙofar haye ga kowane yaro, ɗan liman da ɗan dagaci da ɗan mahauci. Makaranta ba ta tambayar asali, wanda aka rubuta sunansa a rajista shi ne ɗalibi. A ganina wannan ne ya fi tsorata iyaye, fiye da tsirkiya da izga.

Kuma tsoron yana da tushe. Kusan kowace sana'a a ƙasar Hausa tana da kiɗan da ke tsaya mata. Mahauta suna da kalangu, maƙera dundufa, manoma gangar noma ranar gayya, fada kuma tambari da algaita da kakaki, wanda Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara shi. Makaɗin kowanne yana fakewa a inuwar mutuncin iyayen gidansa. Goge kuwa iyayen gidansa 'yan bori ne, sai gidajen mata masu zaman kansu, daga baya sai otal-otal na Sabon Gari. Shugabannin jihadi sun yi rubuce-rubuce a kan kiɗa, waɗanda Bajamushe Veit Erlmann ya nazarta a littafin da ya fitar a 1986. A cikinsu ganga ta samu rangwame in don yaƙi ce ko tara jama'a, kayan tsirkiya na shagala ba su samu ba. Daga 2000, da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, fili ya ƙara ƙuntata.

Gardamar halal da haram tana da masu ita, kuma sun fi ni karatu. Ni abin da nake kallo shi ne yawan abin da ke cikin kan mai gogen bori. Fremont Besmer, wanda ya zauna da su a Kano ya fitar da littafi a 1983, ya nuna yadda kowane iska yake da takensa da kirarinsa. Na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, na Inna, na Malam Alhaji, na Barhaza, haka har zaurukan Jangare su ƙare, kuma dole makaɗi ya san wa ke bin wa. Mutum na iya ƙin bori ƙi na har abada, ya kuma yarda cewa wannan ajiya ce mai nauyi, cewa a cikinta akwai tsofaffin raujin Hausa da ba za a same su a wani wuri ba.

Kalmar take ma abin dubawa ce. In makaɗi ya kwana yana juya wani sabon kiɗa a kansa har ya zauna daidai, ya fito da shi fili, sunan wa zai ci? Sunan wanda aka yi wa. Taken Sarkin Noma, taken wane, taken wance. Bayan shekara ashirin ana nan ana kaɗa shi, kowa ya san mai taken, wanda ya ƙago shi kuwa ya ɓace. A Turai sunan mai tsara kiɗa ake bugawa da manyan baƙaƙe, attajirin da ya biya a manta da shi. Mu namu tsarin ya juya. Shi ya sa in ka ce Garba Liyo ko Audu Yaron Goge ko Ibrahim Na Habu ko Ahmadu Doka ko Hassan Wayam masu ƙirƙira ne, sai a dube ka. An san su da daɗin hannu. Ba a cika tunanin cewa wani ne ya zauna ya shirya abin da hannun yake yi ba.

Sai kalmar da ta fi kowace nauyi, maroƙi. Makaɗi sunan abin da hannu yake yi ne. Maroƙi sunan hanyar cin abinci ne, kuma da shi ake auna mutum ranar neman aure. Duk gwanintar mai goge, ladansa kyauta ce: kari, liƙi, riga, in an dace har kujerar Makka. Kyauta kuwa daga sama take gangarowa, mai karɓa yana durƙushe. Gwanin gogen Turawa da ke tsaye a babban zaure a Landan ko Legas shi ma da kuɗin masu hannu da shuni yake rayuwa, sai dai an yi masa dabara. An sayar da tikiti a ƙofa, an rubuta yarjejeniya a ofis, babu wanda ya ga tafin hannunsa a buɗe. Magabatansa ma barorin fada ne. Haydn, wanda ake tsayawa da ladabi in an ambace shi, ya yi kusan shekara talatin yana sanye da kayan ma'aikatan gidan sarautar Esterházy. Abin da ya ɗaga su daga baya, makarantu ne da takardun shaida da sauyin yadda ake biya.

Ba ma sai an ƙetare teku ba. A arewacin Gana, a ƙasar Dagomba, wannan kayan kiɗan dai, ƙwarya da fata da gashin doki, gonje suke ce masa, kuma na fada ne. Masu shi suna da sarautarsu, suna kiɗa a gaban Ya Na a Yendi, suna riƙe da yabon sarakunan da suka gabata, wasu waƙoƙin ma da Hausa suke yin su. Su ma Musulmi ne. Jacqueline DjeDje ta Jami'ar Kalifoniya, wadda ta kwatanta gogen Fulani da na Hausawa da na Dagomba a littafinta na 2008, ta yi aiki da ɗaya daga cikinsu, Salisu Mahama, wanda Jami'ar Gana da ke Legon ta ɗauka ya koyar da gonje. A gida ya koya, irin koyon yaron zauren can, jami'a kuma ta ba shi aji. A wajen Abzinawa mata ne suke kaɗa nasu, imzad, maza su saurara da ladabi. Da aka ga tsofaffin da suka iya sun kusa ƙarewa, aka kafa ƙungiyar ceto shi a Aljeriya a 2003, aka buɗe makaranta a Tamanrasset inda tsofaffin suke koya wa 'yan mata, a 2013 kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya da sunan Aljeriya da Mali da Nijar.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Malam Maman Barka na Nijar. An haife shi a Tesker a 1959, cikin Tubawa. Malamin makaranta ne kafin ya yi suna da gurmi da waƙoƙinsa, waɗanda da yawansu da Hausa ya yi, daga baya ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai. A bakin Tafkin Cadi akwai wani kayan kiɗa na masuntan Buduma mai tsirkiya biyar, siffarsa ta kwalekwale, ana ce masa biram. Ya zamana mutum ɗaya ne ya rage da ya iya shi sosai, wani tsoho mai suna Bukar Tar. A 2002, da tallafin UNESCO, Barka ya tattara ya tafi ya zauna a gaban tsohon nan ya koya. Mutum ne da ya riga ya yi suna, yana da ɗalibai, ya koma ya zama yaron wani. Tsohon ya rasu ba da daɗewa ba, biram ɗin ya zauna a hannun Barka, ya kai shi ƙasashe, ya koyar da shi, har ya rasu a 2018. Ɗan haye ne tsantsa, ko ƙabilar ba tasa ba ce. Da an jira ɗan gado, da biram ya bi Bukar Tar.

Can Japan kuma wani mai gogen Turawa, Shinichi Suzuki, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1998, ya gina rayuwarsa a kan musanta gado. Ubansa yana da masana'antar ƙera goge a Nagoya, amma shi bai fara kaɗawa ba sai da ya zama saurayi, sannan ya tafi Jamus ya ƙaro. Abin da ya tsaya a kai shi ne, duk yaron Japan yana jin Japananci, komai wuyarsa, babu wanda ake cewa ba shi da baiwar harshen uwarsa. To me zai hana a koyi kiɗa haka? Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kafa makarantarsa a Matsumoto. Yaro ya fara tun yana ɗan shekara uku ko huɗu, ya yi ta saurare kullum, ya kwaikwaya da ɗan ƙaramin goge daidai hannunsa, uwa ko uba na zaune a ajin, karatun alamomin kiɗa sai daga baya. Yau ana bin hanyarsa a ƙasashe da yawa, iyaye suna biyan kuɗi masu kauri. Dattijon Ɗambatta zai gane kusan duk abin da ake yi a wannan aji, in ban da zaman uwa a ciki.

Mu koma gida. A takarda, kiɗa yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare ta Nijeriya, a ƙarƙashin darasin al'adu da fasaha. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, a Legas kuma akwai MUSON, wadda aka kafa a 1983, inda yaro zai koyi gogen Turawa mataki-mataki har ya karɓi takarda. A makarantun ƙauyukanmu abin da na saba gani shi ne malami ya juya wa yara baya ya jera sunaye a allo: kalangu, kotso, algaita, goge. Yara su kwafa. Ranar jarrabawa a tambaye su tsirkiya nawa goge yake da ita, su rubuta ɗaya, su ci maki. Malamin ba shi da laifi, shi ma haka aka yi masa, kuma ajin da yara suka cika har bakin taga ba wurin gwajin izga ba ne. Amma mai gogen yana nan a bayan makarantar, tazarar gona biyu, yana ɗaure wa akuyarsa harawa.

Kunnen yaran kuwa fiyano ne ya raine shi. Tun da finafinan Hausa suka bunƙasa bayan Turmin Danya na 1990, ɗakunan haɗa sauti na Kano suka koma ga wannan akwati mai maɓallai, mutum ɗaya ya yi aikin makaɗa shida, kuma a cikinsa har da wani sauti da aka ce na goge ne. Ban raina waƙoƙin nanaye ba, sun ciyar da gidaje, kuma 'yan matan ƙauye ba su nemi izinin kowa ba kafin su so su. Sai dai muryoyin fiyano a yanke suke, daga wannan maɓalli sai wancan. Goge kuwa a tsakanin maɓallan nan yake zaune, a wajen zamewa daga murya zuwa murya, inda lafazin Hausa yake karyewa ya sauko. Yaron da ya tashi da fiyano kaɗai, in ya ji goge na gaske, yakan ce bai saitu ba.

Za a ce ai an ɗauki sautin, yana cikin waya, yana intanet. Gaskiya ne, kuma abin godiya ne. A 1976 kamfanin Folkways na Amurka ya fitar da faifan Alhaji Garba Liyo, da cibiyar Smithsonian ta karɓi kamfanin a 1987 kuma faifan ya shiga ajiyarta, har gobe ana iya saurare. Gidajen rediyon Kano da Kaduna ma sun ɗauki da yawa. Amma manomin Bichi ya san iri ba ya zama a rumbu har abada. In aka yi 'yan shekaru ba a shuka shi ba, ko ƙwari ba su ci ba, ƙwayar tana nan a ido amma ba za ta tsira ba. Faifai yana gaya maka abin da aka yi, ba ya nuna maka yadda aka karkata yatsa, kuma ba ya buga diddige in ka yi nawa. Inda abin ya rayu, hannu ne ya miƙa wa hannu. Garba Supa, wanda kukumarsa ta zaga gidajen bikin Kano, ya bar ɗansa Nasiru yana kaɗawa. Gado ne ya yi aikinsa a nan. Gidaje nawa ne suka yi wannan sa'ar? 'Ya'yan masu goge da yawa suna tuƙa A Daidaita Sahu ko suna dako a Dawanau, kuma in ka bincika, iyayen ne da kansu suka kore su daga zauren, don kada a kira su da sunan da aka kira su.

A ce yau wani shugaban makaranta a Tsanyawa ko Makoɗa ya yi ƙarfin hali, ko kwalejin horar da malamai ta tarayya da ke Bichi ta ce za ta gwada, a kira mai goge sau ɗaya a mako. Ba bori za a yi ba, ba roƙo ba. Yara su ga yadda ake fafe duma, su ja fata, su ji yadda tsirkiya take faɗin sunayensu, wanda hannunsa ya karɓa ya ci gaba. Kayan ba su da tsada. Matsalar farko a ofis za ta taso, don takardar ɗaukar aiki tana neman shaidar karatu, shi kuwa ba shi da ko ta firamare, kuma babu gurbin da aka rubuta makaɗi a jerin albashi. Legon ta samo hanya, Yamai ta samo, wannan ba gagara ba ce. Ta biyu ita ce mai wuya. Duk wanda ya tsaya a gaban aji, yaran ƙasar nan suna ɗaya suka sani da za su kira shi, kuma tun ranar farko za su miƙe su gaishe shi da shi. Da yamma wani yaro zai koma gida, ubansa na zaune a kan buzu a ƙofar gida, ya tambaye shi abin da aka yi yau a makaranta, yaron ya ce, "Baba, Malam mai goge ne ya zo."